Waken da Ya Riƙe Sandar Baba

Bana aka sare bishiyar da ke bayan tsohon gidanmu a Akwatialine, cikin Kumasi. Ban ga saran ba. Gaisuwar rasuwa ce ta kai ni unguwar, na bi ta lungun da na saba bi tun ina yarinya, sai na tarar da rana ta sauka a wurin da na daɗe ban ga rana ba. An zuba siminti, an jera shagunan ƙarfe, wannan yana gyaran waya, wancan yana sayar da ruwan leda. Na tambayi mai gyaran wayar ko ya san wanda ya shuka bishiyar da ke nan. Ya ce bai sani ba, shi dai ya san ganyenta yana toshe kwata. Ban ga laifinsa ba. Ba ma wanda ya shuka ta. Sanda ce mahaifina ya kafa wa wake, ta ƙi mutuwa.

A zamanin da nake magana, kusan kowane gida a unguwarmu yana da ɗan fili a baya, tsakanin bangon ɗaki da kwata. Ba lambu ba ne irin na masu kai kaya kasuwa. Wuri ne da ake watsa ruwan wanke-wanke, barkono ya fito da kansa, wata ta soka rogo, wata ta dasa gwaza don ganyen miya, wanda mutanen gari ke kira kontomire. Da safe, kafin rana ta taɓa rufin kwano, abin da kunne ke ji shi ne tsintsiya a tsakar gida, da bokiti yana bugun bokiti a bakin famfo, da muryar mai koko da ƙosai, can nesa kuma kukan shanun da ake korawa kara. In iska ta juyo daga wajen Manhyia, inda sarkin Asante yake, wata rana har kiɗan fada muke ji. Yanzu injin wuta da babura sun haɗiye wannan duka. Yaran yau sun fi mu sanin duniya, kuma ba na yi musu baƙin ciki, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa tsayawa yana jiran tsiro ya kama sanda.

Mahaifina, Baba, dillalin shanu ne. Da ƙafa ya zo Kumasi yana saurayi, bayan garken wani, daga ƙasar Sakkwato, ya zauna bai koma ba. Abin da ya zo da shi daga gida bai wuce rigar jikinsa da sandarsa ba. Rigar ta daɗe da ƙarewa. Sandar kuwa tana nan, doguwa har kafaɗarsa, ta yi baƙi tana sheƙi saboda man shanun da yake shafa mata. Da ita yake nuna bijimi a kara, da ita yake raba gardama, a kanta yake dafa haɓa in yana tunani. Ba ya zuwa ko'ina sai da ita, in ban da masallaci. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Mahaifiyata kuwa, Mma, a Kumasi aka haife ta, iyayenta mutanen Salaga ne, amma a Kumasi kaburburansu suke. Shinkafa da wake take sayarwa a ƙofar gida. Baba yana kiranta Adiza, ita tana ce masa Malam. Mai gidan da muke haya ita ce Maame Akosua, dattijuwa 'yar Asante, manomiyar koko da ta bar gona ta dawo gari, tana jin Hausa ƙwarai amma ta fi son yin faɗa da Twi, yarensu.

Ina shekarar ƙarshe a makarantar 'yan mata lokacin da malamar da ke kula da lambun makaranta ta ba mu ɗan irin wake a hannu. Koren wake ne, wanda ake ci da kwansonsa tun yana ɗanye, kuma ta ce mai hawa ne, sai an kafa masa abin da zai bi. Na kawo gida na roƙi Maame ta ba ni gefen bango, ta ba ni. Da Baba ya ji ina neman sanduna, sai ya yi dariya.

"Uwata, wake ne fa. Tun ban kai tsawon fartanya ba nake noman wake. Ƙasa yake bi. Wa ya taɓa yi wa wake tsani?"

"Malama ta ce wannan daban ne, Baba."

"Malamar taku ta taɓa yin noma a Sakkwato?"

Ba ta taɓa ba, don haka muka bar shi ya yi yaɗo. Amma ruwan Kumasi ba ruwan Sakkwato ba ne. A can, yadda Baba yake ba da labari, ruwa na sauka yashi ya shanye, wake ya kwanta a busasshiyar ƙasa. A nan sai a wuni a kwana ana yi, jar ƙasa ta riƙe ruwa kamar tukunya. Waken ya fito da kyau, ya miƙo kai yana lalube a iska, bai sami kome ba, ya faɗi ya nannaɗe 'yan'uwansa, suka kwanta cikin laka suka ruɓe. Baba ya tsaya a kansu ya daɗe, haɓarsa a kan sanda. Abin da nake yaba masa har gobe shi ne bai ce irin ne ba shi da kyau ba. Cewa ya yi, "Malamarku ta yi gaskiya. Saura iri?" Na ce saura kaɗan. Ya ce in ajiye har ƙaramar damina, sanduna kuwa aikinsa ne.

Da ruwan ƙarshen shekara ya dawo muka sake shuka. Ranar da tsiron ya yi ganye huɗu, Baba ya dawo daga wajen Buokrom da dami a ka, rassa miƙaƙƙu da ya saro a bakin hanya, daga wata bishiya da ba mu da sunanta da Hausa. Ya fiƙe gindinsu da adda, ya kafa su bibbiyu suna jingine da juna, ya ɗora doguwa a sama ya ɗaure da busasshen ɓawon ayaba, kamar mai kafa rumfa. Aiki ne mai tsabta, kowace sanda ta shiga ƙasa sosai. Maame ta zo ta tsaya, hannu a ƙugu, ta kankare ɓawon ɗaya da farce, ta ga kore shar.

"Papa Garba, yau ka sare su?" ta tambayi Baba.

"Da safen nan."

"Yoo," in ji ta, wato to, ta koma ciki tana murmushi. Mun ɗauka yabo ne.

A garinsu Baba, in ban da 'yan itatuwan da aka sani ana shinge da su, reshen da aka sare ya gama rayuwa. Shekaru masu yawa ya yi a Kumasi, amma a kara ya yi su, bai taɓa soka kome a ƙasarta ba. Ba a jima ba sai sandunan suka fara toho. Kowace gaɓa ta fitar da ganye, sun ma fi waken sauri, har suna neman tare masa rana. Matan gida suka sami abin magana. Mma tana zuba wa masu saye shinkafa tana cewa, "Ku shiga baya ku gani, Malam ya je kafa sanda ya shuka daji." Maame kuwa sai da ta yi dariya har ta zauna a kan turmi.

"Ai kin gani tun ranar farko, Maame," in ji Baba. "Don me ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa za ka ji? Kai da ka yi noma a Sakkwato?" Ta share hawaye da bakin zane. "Nan Asante ne. Ko taɓarya ka manta a waje sai ta yi ganye. Busasshiyar gora ake sawa, ko ka ƙona gindin, ko ka juya kan ƙasa."

Baba ya ce to a tuge su a sake. Maame ta nuna masa cewa an makara, domin waken ya riga ya kama, in an ja sanda sai an tsinke shi. Magani ɗaya ne, a riƙa tsinke tohon sandunan kullum tun yana ƙarami. Baba ya ce tunda shi ya jawo, shi zai yi. Daga ranar, in ya dawo daga sallar asuba, sai ya ɗauko sandarsa ya zagaya baya, ya jingine ta a bango, ya bi layin yana tsinke toho da babban yatsa. Ni ina ban ruwa da gwangwani, shi yana tsinka. A nan ya koyi waken fiye da ni. Wata safiya ya ga na ɗauki wani reshe da ya kauce ina naɗa shi a sanda, ya ce, "Ba ta nan ba, Uwata. Jiya na naɗa ɗaya haka, da safe na tarar ya warware. Dube shi da kyau. Sanda a hagunsa take, kamar mai ɗawafi. Ki aza shi kawai, ya san hanya." Na duba layin gaba ɗaya, ba ɗaya da ya saɓa. Ya kan ce bijimi da wake ba a jan su, nuna musu ake yi. Mutumin da ke juya manyan bijimai da tsawa ɗaya, ga shi yana ɗaga ɗan tsiro da bayan yatsa don kada ya karye.

Wata rana da la'asar aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, irin na bankwanan damina. Sandar ƙarshen layi ta karye, waken da ke kanta ya faɗi cikin laka. Baba ya shigo a jiƙe daga kara, ya gani, ya duba ko'ina bai sami abin da zai sa ba, sai ya kafa sandarsa a wurin, ya ɗago waken ya aza. Ya ce zuwa gobe ne, zai samo gora. Da gari ya waye, waken ya riga ya zagaye ta sau ɗaya. Ya ce a bar shi har ya kawo gorar, ya ɗauki wani guntun itace ya tafi kasuwa. Gorar ba ta zo ba, domin a ranakun nan ne aka faɗa a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, kuma wa'adin gajere ne.

Na yi shekaru daga baya ina karanta labarai a rediyo, na san yadda ake faɗin abu mai nauyi da murya ɗaya. Amma ban taɓa karanta labarin da ya canza sautin unguwa kamar wannan ba. Mai koko ta daina kira. Shanu suka daina wucewa. Abin da ake ji shi ne guduma a kan akwati, da jan gado a ƙasa, da mata suna kiran sunan juna ta kan katanga. Mutanen da aka haife su a lungu ɗaya da mu suka fito da tukwane da kekunan ɗinki bakin titi suna neman mai saye. Baba ba shi da takarda. Lokacin da ya shigo ba wanda ya tambaye shi, kuma bai taɓa tunanin mutum yana bukatar takarda don ya zauna a ɗakin da aka haifi 'ya'yansa ba. Mma 'yar ƙasa ce, mu ma an ce muna iya zama a inuwarta. Amma Baba ya tara mu ya ce ba zai raba gidansa biyu ba. Ƙanensa, Baffa Umaru, ya samo mana wuri a babbar mota. Kowa zai tafi, kuma a yadda ake gani a lokacin, tafiyar ba ta dawowa ba ce.

"Malam, ni ban san kowa a can ba," in ji Mma. "Iyayena suna kwance a nan."

"Na sani, Adiza."

"Yarinyar nan saura kaɗan ta gama makaranta."

"Na sani. To in bar ku wa? In tafi in ce wa mutanen garinmu me, na bar mata da yara a bayan duniya?"

Mma ta tashi. Ta shiga ɗaure kaya, ta rarraba wa maƙwabta abin da ba zai ɗauku ba. A zamaninmu 'ya ba ta sa baki a irin wannan magana. Abin da na iya yi shi ne ban ruwa. Ruwan sama ya ɗauke, waken ya kai saman rumfa, ya fara fure farare ƙanana. Matan gida suna wucewa suna kallona da gwangwani kamar mai taɓin hankali. Maame ce kaɗai ba ta yi mamaki ba, har bokiti take ajiye mini a layin famfo.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, an fito da kaya ƙofar gida, Baffa Umaru yana ta sauri. Baba ya zagayo baya don ɗaukar sandarsa. Ina wurin da gwangwanina. Waken ya naɗe ta tun daga ƙasa har sama, ba a ganin baƙinta sai ta tsakanin ganye, ga fure, ga 'yan kwanso sirara kamar allura sun fara leƙowa. Ya kama kanta ya ɗan ja. Duk layin ya motsa, fure biyu suka faɗo. Ya saki. Ya durƙusa ya nemi bakin reshen ko zai warware, ya ga ya riga ya tsallaka ya kama sandar sama. Daga ƙofa Baffa ya ɗaga murya.

"Yaya, mota ba ta jira. Ka fizge ta mana, ciyawa ce."

Baba ya saki reshen. Ya miƙe, ya bi layin a hankali yana tsinke tohon sandunan kamar kowace safiya, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ƙarshe. Ya tsaya a kan wadda ta fi kauri, ya girgiza ta da hannu, ko motsi ba ta yi ba, ta riga ta yi saiwa.

"Uwata, yaushe za a fara tsinkar wanga wake?"

"Ba zai wuce mako biyu ba, Baba."

"In kun tafi wa zai ba shi ruwa?"

Ban san ko tambaya ce ba. Ya ce in kira masa Mma. Ta zo da mayafi a ka, ƙanena a goye. Ya nuna mata sandar.

"Adiza, ga sandata nan. Kada a cire ta."

Dole in bayyana abin da wannan magana take nufi, domin yaran yanzu ba za su gane ba. A al'adar masu fataucin shanu, in mutum zai koma arewa ya bar sandarsa a gidan mai masaukinsa, ba a ba wani ɗakinsa. Ba a rubutawa, ba a kiran shaida. Sandar ita ce maganar cewa mai ita yana dawowa. Mma ta girma tana ganin irin waɗannan sanduna a jingine a zaurukan Zongo. Ta dubi sandar, ta dubi Baba.

"Malam, a kwance kayan?"

"A kwance naku. Nawa ƙunshi ɗaya ne."

"To me za ka ce wa mutanen garinku?"

"In ce na bar amfanin gona bai nuna ba."

Ita ce dariyar farko da na ji a gidan tun ranar rediyo, kuma tana yi tana share ido. Baffa ya yi ta faɗa, ya ce wake ya raba mutum da hankalinsa. Maame ta fito ta ce masa da Twi ya rage murya a gidanta. Sannan ta juya ga Baba ta ce, "Papa Garba, je ka. Ɗakinka na nan." Ya tafi da hannu wofi. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin ya kama hanyar nesa babu sanda ba sai ranar. Ya riƙa kaɗa hannun dama kamar bai san inda zai sa shi ba.

Waken ya yi 'ya'ya fiye da yadda muka zata. Mma ta riƙa yanka shi cikin miyar da take zubawa a kan shinkafa, masu saye suna tambayar mene ne. Lungun ya yi shiru, ƙofofi da yawa a rufe, wasu an sa musu sababbin mutane. Labarin Baba ba ya zuwa sai jefi-jefi, a bakin direbobi. Da waken ya gama ya bushe, na tara iri, na ce ko mu shigar da sandar ɗaki saboda gara. Mma ta ce cewa ya yi kada a cire. Maame ta kawo toka da baƙin man mota ta zuba a gindinta, tana mita cewa ba ta taɓa ganin gidan da ake yi wa sanda hidima kamar jariri ba. Tohon sauran sandunan kuwa muka daina tsinkewa, muka rage biyu muka tuge saura. Ɗaya daga cikin biyun ce ta rayu ta zama bishiyar da aka sare bana.

Na gama makaranta. Da ruwan farko na sabuwar shekara ya sauka, na sake shuka, wannan karon da busasshiyar gora, sai dai a ƙarshen layi na bar sandar Baba a inda take. Bayan ƙura ta lafa, waɗanda suka sami takarda suka fara dawowa ɗai-ɗai. Baba ya iso wata rana da hantsi, ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Ya yi sallama, ya sha ruwa a tsaye, yara suna rataye da rigarsa, sannan ya zagaya baya, muka bi shi. Sabon waken ya riga ya kai rabin sandar, yana zagaya ta, ita a hagunsa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo gare ni.

"Uwata, kun sake kama mini ita."

"Sai an girbe, Baba."

"In an girbe kuma ki sake shuka."

Na ce haka ne. Ya dubi Mma, ya dubi Maame da ke tsaye a bakin ƙofa da hannu a ƙugu. Ya miƙa hannu ya ɗaga wani reshe da ya kauce, ya aza shi a kan sandar da bayan yatsa. Washegari ya sayi wata a kara, da ita ya yi sauran shekarunsa, kuma daga Akwatialine aka ɗauke shi zuwa makwancinsa.